Ga samarin direbobinmu masu ɗokin jan kwantena a Apapa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana direbobin manyan motoci, musamman samarin da ke tasowa nan Kebbi, don wagga magana ta daɗe tana ci mani rai kuma na ga in ban faɗe ta ba yaranmu za su ci gaba da aje abin da ke hannunsu suna bin wanda ba su san cikinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu, ɗan ƙanwata ne wanda ni da hannuna na koya ma mota, ya same ni bayan isha'i ina zaune ƙofar gida ya ce Kawu ni fa zan mayar ma Alhaji da makullinsa in tafi Legas in ja kwantena. Na ce lafiya, wani abu ya haɗa ku? Ya ce babu komai, abokinsa ne da ke Apapa ya turo masa ta WhatsApp kuɗin da anka biya na ɗaukar kwantena guda daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke nan Apapa zuwa Kano, ya duba ya ga ya kusa ninka abin da ake biyan tirelarsa in ta kai albasa kasuwar Mile 12 ta Legas. Ya miƙo mani wayar na gani da idona, kuɗin gaskiya ne ba ƙarya abokin ya yi ba. Sai na ce masa to wanga kuɗi na wa ne, kuma kwana nawa motar ta yi kafin ta same shi? Ya yi shiru.

Ni na yi shekara shida ina yaron mota kafin a ba ni makulli, na ja tirelar bodi, wato mai bango da ake loda buhuna da shanu ciki, shekaru masu yawa tsakanin Jega da kudu, sannan ni ma irin wanga ɗoki ya kwashe ni na je na ja falat, wato tirela marar bango da ake ɗora kwantena a kai, daga 2016 har 2020 na dawo gida, don haka duka biyun na kwana ƙarƙashinsu.

Farko dai kuɗin lodi ba na direba ba ne, na mai mota ne, kuma shi ma mai motar ba duka ke shiga aljihunsa ba. Ɗan kamasho ko ejan ya cire nasa tun kafin a kunna mota, sai gas wanda shi ne ke cinye mafi yawa, kowa ya san yadda dizal ya tashi tun 2022 har lita ta haura naira 1,000 a 2023, sai kuɗin hanya na masu kaki da 'yan rasit waɗanda kowace ƙaramar hukuma da nata, sai taya, sai bakanike. Direba abin da ke nasa ɗayan uku ne. Ko dai albashin wata da alawus na kowane sawu, ko kaso cikin abin da ya rage bayan an cire kashe-kashe, ko kuma a yanka maka balas ka kawo ma mai mota abin da ya saura naka ne riba ko faɗuwa. Duk wanda kake kai cikin ukun nan, sawu ne ke ba ka kuɗi, ranar da taya ba ta juya ba kai ke ci daga aljihunka. Shi ya sa nake cewa yaranmu su daina tambayar nawa ne lodi, su riƙa tambayar kwana nawa sawun ke ci.

Bari in ba da labarin abin da ya same ni a 2018, lokacin da cunkoson Apapa ya kai inda ya kai, tireloli jere kan gada tun daga Ijora har bayan Ojuelegba. Na dawo da emti daga Kano, wato kwantena wofi da anka sauke kayanta, mai tsawon ƙafa 40, ina son in aje in samu in ɗauki wani. Kwana goma sha ɗaya na yi kan gadar nan. Motar kan matsa tsawon mota biyu ko uku a yini, wata rana ko tsawon taya ba ta matsa ba, kuma ba ka isa ka bar ta ba don da an ce a matsa ba ka nan wani ya shige gabanka, da dare kuwa ni da yarona muna kwanan canji saboda masu kwance batir da masu zuƙe gas da tiyo. Ruwan wanka saye, bayan gida biya, abinci mai talla ta hawo gada ta sayar maka yadda ta ga dama, sallah kan kwali gefen taya ga hayaƙi ga ƙara. Alawus ɗin da anka ba ni na sawun ya ƙare tun kwana na biyar, na bugo ma maigidana ya ce shi ma bai ga komai ba tukuna in yi haƙuri, ƙarshe sai da uwargida ta sayar da tunkiyarta ta turo mani. Wanga wata sawu ɗaya tak na yi, sawu mai kuɗi da yawa a takarda, amma ko kwano guda na gero ban aika gida ba.

Zan yi adalci, yanzu abin ba haka yake ba. Tun da anka kawo tsarin Eto a Fabrairun 2021, wanda mota sai ta yi rajista ta yanki tikiti ta jira a gareji irin na Lilypond sai an kira ta sannan ta nufi tashar, gadar ta samu sauƙi sosai, ga kuma tashar Lekki da anka buɗe a 2023, ga kwantenonin da ake ɗauka ta ruwa da ta jirgin ƙasa zuwa Ibadan. Amma jira bai mutu ba, wuri kawai ya canza. Takardun mai kaya ba su kammala ba ka jira, an kira ka ka shiga injin ɗaga kaya ya lalace ka jira, ka fito ka kai kaya ka dawo da emti a ce wurin ajiya ya cika ka jira, kuma duk wanga jira ba wanda ke rubuta ma direba shi a matsayin aiki.

Maganar emti ita ce abin da samarinmu ba su fahimta ba. Akwatin nan ba na mai kaya ba ne, ba na mai mota ba ne, na kamfanin jirgin ruwa ne, mai kaya ya aje kuɗin jingina a kansa kuma kowace rana da ta wuce wa'adi ana yanka masa damarej, wato tarar jinkirin mayar da akwatin. To kai da ka kai kaya Kano dole ka juyo da akwati wofi har Legas, gas ɗin dawowa yana cikin wancan kuɗi mai yawa da abokin yaron nan ya turo, wato kuɗin tafiya biyu ne anka haɗa ya gani kamar na ɗaya. Wanda Allah ya taimaka yakan samu kayan fita waje a zuba ciki, riɗi ko zoɓo ko citta, amma waɗanga harkar Kano da Jigawa da kudancin Kaduna ce, kuma sai an daidaita da masu akwatin. Mu mi za mu zuba daga nan? Albasa ba ta shiga akwatin ƙarfe rufe, kwana biyu cikin zafin hanyar Mokwa ta zama ruwa, shanu kuwa ba a ma magana. Sannan a duba da kyau, kwantena nawa ke zuwa Birnin Kebbi ko Jega a wata? Kasuwarta Kano ce da Kaduna da Onitsha da masana'antun Legas da Ogun. Har ma 'yan kasuwa da yawa saboda tsoron damarej a Legas suke fasa akwatin su juye kayan cikin tirelar bodi, ka ga kayan kwantenar ma sun dawo hannunmu.

Ga kuma abin da ke tsorata ni har yau. Tirelar bodi gabanka ake loda ta, kana tsaye kana cewa 'yan dako ku ƙara gaba ku rage baya, ka san nauyin da ke kan kowace taya. Kwantena kuwa an buga mata sil, wato hatimin da ke kulle ƙofarta, tun ƙasar da ta fito, ba ka san mi ke ciki ba sai abin da takarda ta ce, ƙafa 20 ƙarama a ido amma in tayil ne ko batir a ciki sai ka ji kan mota na nishi a hawan Jebba, wata kuma kayan sun taru gefe guda kana shiga kwana ka ji tana jan ka. In makullan nan huɗu na kusurwa ba su kama ba ko mai mota ya ƙi gyara su an ɗaure da sarƙa kawai, to ajali kake ɗauke da shi, mutane ba su manta da wadda ta faɗo kan motar fasinja a gadar Ojuelegba a Janairun 2023 ba, rai tara sunka tafi. In kuma anka tare ka a hanya aka ce takardar kayan da matsala, mai kaya yana gidansa, kai da mota ku ke kwana wurin.

Ba wai kwantena ba ta da daɗi ba ne, tana da shi. Kayanta ba ya ruɓewa, ruwan sama ba ya dame ka, ba ɗaurin tamfol ba ƙirgar buhu, matuƙar sil bai karye ba ba wanda zai ce ka taɓa masa kaya, kuma ba ta da kaka ba ta da rani, in shekara ta zo ƙarshe ma lodi har ya fi motoci yawa. Wanda ke zaune Legas da iyalinsa, yana ɗauka daga Apapa ya kai Ikeja ko Agbara ko Ota ko Sagamu ya dawo, ubangidansa na da ejan tsayayye da ke ba shi aiki, wallahi wanga yana samu, na san waɗanda sunka yi gida da shi. Amma ita ma tana da nata ciwon, dala ce ke juya ta. Da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yanka mata farashi a Yunin 2023 kuɗin fito ya tashi 'yan kasuwa sunka rage shigo da kaya, abokan aikina na da sun riƙa bugo mani suna cewa motoci sun yi yawa lodi ya yi kaɗan, kowa na karya farashi don ya samu ya motsa.

Yanzu mu dawo gida. Mu Allah ya ba mu abin da kudu ke nema, kuma kudu na da abin da muke nema, wannan shi ne duk sirrin tirelar bodi. Ka loda albasa Aliero, ko shinkafa daga injinan Argungu da Birnin Kebbi, ko shanshera, ko gero da dawa, ko shanu da raguna in layya ta gabato, ka bi Koko ka wuce Yauri da Kontagora da Mokwa ka haye Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, ka sauke Mile 12 ko kasuwar shanu ta Kara ko mayankar Agege. Kana saukewa ɗan kamasho na neman ka, akwai siminti akwai taki akwai fulawa da sukari da gishiri, akwai manja da katako da goro, tan 30 buhu 600 kenan na kilo 50, ka ɗaure tamfol ka juyo. Tafiya guda lodi biyu, kuma alawus biyu in maigidanka mai adalci ne. Ni a yadda na saba in hanya ta yi kyau mota ba ta ba da matsala ba, kwana tara zuwa goma na je na dawo, na kwana gida biyu na ga yara na sake lodi. Tun da anka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 injina sunka ƙaru, lodin shinkafa ya zama abin da mutum kan iya dogara da shi, ko da yake shi ma yana hawa yana sauka.

Amma kada yaro ya ji wanga ya ɗauka madara ce zalla. Albasa amana ce mai wa'adi. Akwai shekarar da giyar mota ta watse mani tsakanin Kontagora da Mokwa da cikakken lodin albasa, wurin ba gari ba inuwa, kafin a nemo bakanike a sayo kayan gyara daga Ilorin kwana uku, rana ta biyu na fara jin warin, rana ta uku ruwa na ɗiga ta ƙasan bodi kamar an buɗe famfo, mai kayan dattijo ne da ya haɗa da na maƙwabtansa yana zaune gefen titi ya rafka tagumi bai ce mani komai ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Mun isa kasuwa an zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku, balas ɗin da ya rage ba mu iya buɗe baki mun tambaya ba. Haka in siminti ne ko shinkafa aka ƙirga buhu biyu babu ko ruwa ya taɓa biyar, daga kuɗinka za a cire. Shanu kuwa ba su san direba ya gaji ba, in ɗaya ta kwanta ba a tashe ta ba sauran su tattake ta, dole ka yi ta tafiya ido jawur. Ga hanya, gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba da ta karye a 2017 ta nuna mana cewa in wurin nan ya toshe sai zagaye mai cin gas da kwanaki, ga rashin tsaro da ya sa da yamma ta yi kowa ke neman gari ya faka, 'yan uwanmu na Zamfara masu bin Gusau zuwa Funtua ta Tsafe sun fi kowa sanin wanga.

Akwai kuma kuɗin da wasu ke ƙirgawa cikin ribar tirela wanda ni ba na ƙirga shi, wato ɗora fasinja saman lodi ko saman shanu. E ana samu, wani lokaci ma ya fi alawus, amma duk wanda ya taɓa tsayawa inda tirela ta kife da mutane a sama ba zai sake karɓar kuɗin nan da daɗin rai ba. Haka sayar da gas ɗin maigida, yaro ya ce ai ragi ne, in kun yi da shi cewa abin da ka rage naka ne to halal, in ba ku yi ba sunansa cin amana ko da kowa na yi.

Lodin namu kuma yana da lokaci, bayan girbi har ka rasa wanda za ka ɗauka, tsakiyar damina sai ka kwana huɗu gareji kana jiran ɗan kamasho, kuma abin da ba ruwanka kan tsayar da kai. Rufe iyaka a Agustan 2019 ya kashe lodin Kamba har sai 2022 da anka buɗe ta, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake rufewa, rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021 ya jawo yajin kai abinci kudu motoci sunka yi cirko-cirko a Jebba. Duk wanga gaskiya ne. Bambancin shi ne in lodi ya tsaya ina Jega, gida nake, tuwon gidana nake ci, ina iya leƙa gonata ta fadama, ba wanda ke sayar mani da bokitin ruwa.

Daren nan na sa yaron ya kawo takarda da biro, na ce rubuta alawus ɗinka na zuwa da na dawowa, ka ninka da sawun da ka yi watan jiya, ka haɗa da albashi. Ya rubuta. Na ce bugo ma abokinka ka tambaye shi nasa alawus ɗin ba kuɗin lodi ba, da sawu nawa ya yi, da abin da yake kashewa a rana in yana jira, da kuɗin ɗakin da suke haya su biyar, da yaushe rabonsa da gida. Abokin yaron kirki ne bai ɓoye ba, ya ce sawu biyu ya yi zuwa arewa, na ukun yana gareji kwana shida ana jiran takarda, rabonsa da gida tun ƙaramar sallah. Da munka cire munka haɗa sai ga shi abin da ya rage hannun kowa ya yi kusa da juna, na ɗan ƙanwata ma ya ɗan fi, ga shi yana kwana ɗakinsa sau biyu ko uku a wata.

Roƙona ga iyayen gidanmu masu motoci da shugabannin NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, da na ƙungiyoyin direbobi, don Allah a zauna a sa kuɗin kwanan jira cikin sharaɗi, ko kwantena ko bodi, in mota ta wuce kwana biyu tsaye ba da laifin direba ba a riƙa ba shi na abinci shi da yaronsa, kuma mai kayan da ya riƙe mota ya biya, tunda kamfanin jirgi na karɓar damarej kan akwatin ƙarfe ban ga dalilin da ɗan adam da ke kwance ƙarƙashinsa zai tashi a tutar babu ba. A kuma riƙa rubuta sharaɗin gaban shaidu ranar da ake miƙa makulli, nawa ne albashi, nawa ne sawu, wa ke biyan buhun da ya ɓace, wa ke da ragin gas, don yawancin rigimar direba da maigida daga nan take fitowa. Ga gwamnati kuma, mun ji an fara babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024 kuma za ta ratsa Kebbi, Allah ya sa mu ga ƙarshenta, amma kafin nan a dubi wadda muke bi yau daga Yauri zuwa Jebba, kowane kwana guda da ramuka ke ƙara mana abincin gidan direba ne. Tashoshin tudu na sauke kwantena da ke Kaduna da Dala a Kano da Funtua in sunka yi aiki yadda ya kamata akwati ya riƙa isowa arewa ta jirgin ƙasa, to a nan ne yaranmu za su iya jan kwantena su kwana kusa da gida, ranar nan ni da kaina zan ce masa ya gwada.

Yaron dai bai mayar da makullin ba. Ya ce Kawu zan ƙara shekara guda in gani, na ce to ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka tashi da ranar da ka dawo da abin da ya rage aljihunka. Shekaranjiya ya loda shinkafa, jiya da magariba ya bugo ya ce sun faka Kontagora sai asuba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka, ya kai kowane direba gida lafiya.

Naka, wani tsohon direban tirela daga Jega, Jihar Kebbi.